Kimiyyar da ke Cikin Sauya Daɓen Keke Mai Ƙafa Uku

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga birnin Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, dole ya ratsa ta Boɗinga, sa'an nan ya faɗa Shagari. A kan wannan hanya, da ƙananan hanyoyin da suka ɓalle daga jikinta zuwa ƙauyuka, zai yi ta cin karo da keke mai ƙafa uku, wanda Sakkwatawa ke yi wa laƙabi da agwagwa da buje. Wani ya ɗauko 'yan makaranta, wani mata masu zuwa awo, wani kuma buhunan albasa da gero, ko jarkokin ruwa, ko akuya ɗaure a gaban kujera. Dukkan wannan nauyi yana sauka ne a kan fallen ƙarfe guda wanda kaurinsa bai kai na kwalin sukari biyu ba, watau daɓen keken.

Ba kasafai ake kula da daɓe ba sai ranar da ya ɓule. Amma a ƙarƙashinsa ne bututun birki da wayoyin sarrafa inji suke bi, a kansa ne kuma ƙafar direba ke neman birki. Idan ya ruɓe, ƙafar yaro na iya zurmawa alhali keke na gudu. Idan aka sauya shi da ganganci, ana iya huda bututun birki ba a sani ba. Wannan darasi zai bi aikin sauya daɓe daga farko har ƙarshe, yana nuna yadda abubuwan da ɗalibai ke karantawa a ajin fiziks da kemistiri suke shiga cikin kowane mataki.

Asalin Keken da Yadda Aka Gina Shi

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fitar da ƙaramar motarsa mai ƙafa uku mai suna Ape a shekarar 1948. Daga baya sana'ar ƙera irin wannan abin hawa ta bunƙasa a ƙasar Indiya, kuma yawancin kekunan fasinja da ke yawo a garuruwanmu, irin su Bajaj RE da TVS King, na kamfanonin can ne. A Nijeriya an fara saninsa sosai a Legas zamanin Kanar Muhammad Buba Marwa, wanda ya yi mulkin jihar daga 1996 zuwa 1999, har aka riƙa ce masa Keke Marwa. Shirin yaƙi da fatara na NAPEP, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 2001, shi ya yaɗa shi a sauran jihohi, daga nan ne sunan Keke Napep ya samo asali. A Kano kuwa ana ce masa A Daidaita Sahu.

Abubuwa biyu ne game da ƙirar keken ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, injinsa a baya yake, amma kuloci da giya da totur duk a hannun direba suke, birki kuma yana ƙarƙashin ƙafarsa ta dama. Saboda haka wayoyi da bututu suna tasowa daga gaba, su bi ta ƙarƙashin daɓe, su isa baya. Na biyu, daɓen a walde yake da ƙarafan da suka zama ƙashin keken, yana kuma taya su ɗaukar nauyi. Don haka raunin daɓe rauni ne ga keken baki ɗaya.

Me ke Cin Daɓe?

Babban abokin gabar baƙin ƙarfe shi ne tsatsa. Tsatsa na samuwa ne idan abubuwa uku suka haɗu: ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. A ƙarƙashin ɗigon ruwa, wani sashe na ƙarfen yakan saki ƙwayoyin lantarki da ake kira elektaron, ya narke cikin ruwan. Elektaron ɗin su bi ta jikin ƙarfe zuwa gefen ɗigon, inda oksijin zai karɓe su. Abubuwan da suka samu daga ɓangarorin biyu sai su haɗu su zama jan garin nan da muke gani. Ashe ke nan kowane ɗigon ruwa a kan ƙarfe ɗan ƙaramin batir ne, kuma ƙarfen ne ke ƙarewa a cikinsa.

Ruwan da gishiri ya narke a cikinsa ya fi tsabtataccen ruwa ɗaukar lantarki, shi ya sa yake gaggauta tsatsa. Wannan ya shafi kekunan karkara ƙwarai. Takin zamani yana jan danshi, kuma irinsa na NPK yana ƙunshe da sinadarai dangin gishiri. Haka fitsarin dabbobi yake. Buhun taki guda da ya tsiyaye a daɓe farkon damina ya isa ya fara ɓarna.

Mai karatu na iya cewa ai ƙasar Sakkwato busasshiya ce, damina ba ta wuce daga Yuni zuwa Satumba. Gaskiya ne, amma ruwan da ya shiga ƙarƙashin shimfiɗar roba ba ya samun rana balle ya bushe. Ƙurar hunturu ta taru a wurin, ruwan wanki ko na jarka ya jiƙa ta, ta zama taɓo mai riƙe danshi kwana da kwanaki. Yashin da ke takalman fasinjoji kuma yana kankare fenti, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Tsatsa ba ta manne wa ƙarfe sosai: tana kumbura, ta ɓanɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga ruwa da iska, aikin ya ci gaba har ƙarfen ya ɓule.

Binciken Farko

Kafin a sayi komai, sai a ɗage shimfiɗa, a share daɓen, a ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take. A danna bakin sukundireba a duk inda ake shakka, musamman kusurwoyi da bakin ƙofa da gindin kujera. Abin da za a tarar ba zai wuce ɗaya daga cikin uku ba.

Idan tsatsar a sama kawai take, ƙarfen bai lotsa ba, gogewa da fenti sun wadatar. Idan akwai ƙananan huji amma ƙarafan ƙarƙashi lafiya suke, sai a yanke ruɓaɓɓen wurin, a walda sabon ƙarfe. Idan kuwa tsatsa ta kama ƙarafan ƙarƙashi, to aikin ya wuce na daɓe, sai an gyara ƙashin keken tukuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓen daɓe don a ɓoye huji. Ruwa zai shiga tsakanin fallayen biyu, ruɓewa ta ci gaba a inda ido ba ya gani.

Zaɓen Abin da Za a Shimfiɗa

Abubuwa huɗu ne aka fi samu a kasuwa: fallen baƙin ƙarfe, da fallen alminiyam wanda ake kira goran-ruwa, da katakon filawud, da shimfiɗar roba. Domin a gwada su, mu ƙaddara cewa mun auna wurin ƙafar fasinja mun sami tsawon mita 1.2 da faɗin mita 0.6. Filin ya zama murabba'in mita 0.72. Wannan misali ne kurum, kowane keke sai an auna shi.

(a) Nauyi. Kowane abu yana da nauyin da yake yi a kubik mita ɗaya, watau a cikin akwati mai mita 1 ta kowace fuska. Baƙin ƙarfe yana yin kilo 7,850, alminiyam kilo 2,700, filawud kuwa kimanin kilo 600 gwargwadon itacen da aka yi shi da shi. Nauyin falle shi ne fili sau kauri sau wannan adadi:

Baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5: 0.72 × 0.0015 × 7,850 = kilo 8.5
Baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3: 0.72 × 0.003 × 7,850 = kilo 17
Alminiyam mai kaurin milimita 3: 0.72 × 0.003 × 2,700 = kilo 5.8
Filawud mai kaurin milimita 12: 0.72 × 0.012 × 600 = kilo 5.2

Direban da ya zaɓi ƙarfe mai milimita 3 don ya daɗe, ya ɗora wa kekensa nauyin da ya kusa kai jarkar ruwa mai lita 20, wadda zai yi ta yawo da ita kullum ba mai biyan kuɗinta. An ƙera keken fasinja ne domin direba da mutum uku, kuma duk ƙarin nauyi yana fita a kuɗin mai da taya da birki.

(b) Tauri. Idan kauri ɗaya ne, baƙin ƙarfe ya fi alminiyam ƙin lanƙwasa kusan sau 3. Sai dai taurin falle yana ƙaruwa ne da kauri sau kauri sau kauri. Idan aka ninka kauri sau 2, tauri zai ninku 2 × 2 × 2, watau sau 8. Saboda haka alminiyam mai milimita 3 ya fi ƙarfe mai milimita 1.5 tauri da kimanin 8 ÷ 3, kusan sau 2.7, ga shi kuma ya fi shi sauƙin nauyi. Akwai wata hanya ta samun tauri ba tare da ƙara nauyi ba, ita ce yi wa falle tudu da kwari kamar kwanon rufi. Shi ya sa daɓen da ya zo daga kamfani yake da layuka masu tudu. Mai gyaran da ya buge su da guduma don wuri ya yi sumul ya rage wa daɓen ƙarfi.

(c) Zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin ɗaukar zafi daga wuri zuwa wuri wajen sau 4, baƙin ƙarfe kuma ya fi katako da roba sau ɗaruruwa. Wannan ne dalilin da ya sa idan ƙarfe da katako suka sha rana tare, ƙarfen ne ke ƙona tafin ƙafa, domin yana zuba zafinsa cikin fata da sauri. Keken da ke ɗaukar yara yana bukatar roba a kan kowane irin ƙarfe.

Zafi kuma yana sa ƙarfe ya miƙe. A kowane digiri ɗaya, mita ɗaya ta baƙin ƙarfe tana ƙaruwa da milimita 0.012, ta alminiyam kuwa da milimita 0.023. Idan zafin falle ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, ƙarfe mai tsawon mita 1.2 zai ƙaru da kusan milimita 0.6, alminiyam da milimita 1.1. Bambancin rabin milimita ne, amma idan an ɗaure su tare ba a bar musu sarari ba, fallen zai riƙa bankarewa yana sassauta noti.

(d) Zaman ƙarafa biyu wuri ɗaya. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa, domin da zarar ya haɗu da iska yakan yi wa kansa wata siririyar fata mai mannewa wadda ke kare shi. Amma idan ya taɓa baƙin ƙarfe kuma akwai ruwa a tsakaninsu, sun zama batir irin wanda Alessandro Volta ya harhaɗa a shekarar 1800 da ƙarafa iri biyu da ruwan gishiri. A nan alminiyam ne ke cinyewa, sai a ga wani farin gari yana fitowa a gefen noti. Irin wannan ka'ida ce ake amfani da ita wajen kare kwanon rufi: ana shafe ƙarfe da tutiya, tutiyar ta riƙa cinyewa a madadinsa.

(e) Santsi. Ƙarfe mai sumul idan ya jiƙe yana da santsi. Falle mai ƙuraje da roba mai zane sun fi riƙe takalmi, domin ruwa yana samun kwarin da zai kwanta, takalmi kuma ya taka tudu.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncin da za a yanke shi ne: wurin da ya ruɓe a cike shi da baƙin ƙarfe mai kauri daidai da na asali, domin shi ne ke waldawa da jikin keke, ya taya shi ɗaukar nauyi. Alminiyam da filawud rufi ne kawai da ake ɗorawa a kan lafiyayyen daɓe don kare shi daga kaya masu kaifi. Filawud ya fi araha, amma yana shan ruwa, ya kumbura, ya riƙe danshi a jikin ƙarfe, sai an shafe shi da fenti ta kowace fuska har gefuna. Roba kuwa a zaɓi wadda za a iya ɗagewa a shanya.

Matakin Gefe da Kifewar Keke

Wasu direbobi, idan sun tashi sauya daɓe, sukan sa a faɗaɗa shi, ko a walda mataki a gefe don ƙarin kaya ko ƙarin mutum. A nan ne fiziks ke da gargaɗi. Idan aka ja layi a ƙasa daga tayar gaba zuwa kowace tayar baya, aka kuma haɗa na bayan biyu, za a sami siffa mai kusurwa uku. Keke yana tsaye ne muddin cibiyar nauyinsa tana saman wannan siffa. Siffar tana da faɗi a baya, tana tsukewa a gaba wajen direba. Don haka wanda ya zauna a gefen direba, ko ya tsaya a kan matakin gefe, nauyinsa yana bakin layin ne ko ma ya fita waje.

Nauyin da ya fita wajen layi yana aiki kamar hannun da ke danna sifana. Mutum mai kilo 60 yana danna ƙasa da ƙarfin kimanin niyuton 600. Idan ya tsaya santimita 30 a wajen layi, ƙarfin juyawar da yake yi wa keken shi ne 600 × 0.3, watau niyuton-mita 180, duk a wajen kifar da shi.

A kan kwana lamarin ya fi tsanani. Abin hawa mai shan kwana yana bukatar a ja shi zuwa cikin kwanar, kuma girman wannan bukata shi ne gudu sau gudu a raba da faɗin kwanar daga tsakiyarta. Gudun kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa. A kwana mai mita 20, lissafin ya zama 10 × 10 ÷ 20 = 5, watau rabin ƙarfin jan ƙasa, wanda yake kimanin 10. Mu ƙaddara cibiyar nauyin keke tana da tsayin mita 0.7 daga ƙasa, kuma tazararta da layin kifewa mita 0.35 ce. Idan aka raba 0.35 da 0.7 za a sami rabi. Ma'ana, a daidai wannan gudu tayar baya ta cikin kwana za ta fara ɗagawa. Idan wani ya rataya a gefen waje har tazarar ta koma 0.28, gudun da keken zai iya jurewa zai sauko zuwa kimanin kilomita 32 a awa. Idan kuwa direba ya rage gudu zuwa kilomita 18 a awa, lissafin zai zama 5 × 5 ÷ 20 = 1.25, kashi ɗaya cikin huɗu na farko.

Daga nan za a fahimci cewa kaya masu nauyi a kan daɓe, a tsakiya, kusa da tayoyin baya ya kamata su zauna, domin hakan na saukar da cibiyar nauyi. Ɗora su a kan rufi yana ɗaga ta. Sabon daɓe kuwa kada ya wuce faɗin da kamfani ya yi wa keken.

Matakan Ɗaurawa

1. A ajiye keke a wuri mai daidaito, a bar inji ya huce, a tokare tayoyi. A cire wayar batir mai alamar (−) da farko. Dalili shi ne wannan waya a haɗe take da jikin keke, don haka idan aka fara da mai alamar (+) kuma sifana ta taɓa jiki, wuta za ta yi tartsatsi.

2. A leƙa ƙarƙashi da tocila, a bi bututun birki da wayoyin kuloci da giya da totur da na lantarki, a zana hanyarsu da alli a saman daɓe. A nemi wurin da aka buga lambar shasi, kada a yanke shi ko a rufe shi da walda, domin da ita ake gane keken a takardunsa.

3. A goge tsatsa da buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito. A yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga lafiyayyen ƙarfe.

4. Kafin walda, a janye bututu da wayoyi daga wurin, a nisantar da fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma tankin da babu mai a cikinsa cike yake da wannan tururi. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 an sami kekuna masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ake matsawa a tukunya da ƙarfin da ya ninka na iskar sarari kimanin sau 200. Irin wannan keke sai ƙwararren mai aikin gas ya duba shi kafin a kusance shi da wuta. Mai walda ya riƙa ɗiga walda nan da can yana barin ƙarfe ya huce, domin doguwar walda a siririn falle tana murɗe shi. Idan fallen mai tutiya ne, hayaƙinsa na jawo zazzaɓi, sai a kankare tutiyar a bakin walda, a yi aikin a fili.

5. A shafa jan fentin kariya sau biyu, sama da ƙasa, sa'an nan fentin gama-gari. A bar kowane shafi ya bushe.

6. Idan za a ɗora rufi, a fara yanka kwali daidai da siffar wurin, a gwada shi, sa'an nan a ɗora shi a kan fallen a zana. Kuskure a kwali ba ya cin kuɗi. A goge bakin falle da magagari don kada ya yanki ƙafa.

7. Wajen huji, a nisanci layukan alli. A zura guntun tiyo a jikin bakin na'urar huji, a bar abin da bai wuce santimita 1 ba a waje, don kada ya zarce ya sami bututu. Hujin alminiyam ya fi kusar faɗi da milimita 1 saboda miƙewar zafi. A shafa fenti a bakin kowane huji.

8. A raba alminiyam da baƙin ƙarfe da fenti mai kauri ko siririyar roba. Tsohon tub ɗin taya yana yin wannan aiki.

9. A yi amfani da kusa mai noti, mai kaurin milimita 6 ko 8. Lambar 8.8 da ake gani a kan wasu tana nufin kowace murabba'in milimita ta jikinsu na jure jan niyuton 800 kafin ta tsinke. A sa washa mai faɗi. Kan kusa mai milimita 8 yana danna filin da bai wuce murabba'in milimita 70 ba, amma washa mai faɗin milimita 24 tana baza wannan danniya a kan kimanin 390, fiye da ninki 5, don haka ba za ta nutse cikin katako ba. A ƙara washa mai tsalle ko noti mai roba a ciki saboda girgizar hanya. A ɗaure kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta.

10. A bar ƙananan hujin tsiyayar ruwa a inda ya fi gangara, nesa da salansa. Sauran huji a toshe su, domin hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana iya taruwa idan an saki labulen tamfol lokacin ruwa ko sanyi.

11. A taka birki har ƙarshe. Wannan shi ne gwaji mafi muhimmanci. Idan an shimfiɗa katako mai milimita 12 a ƙarƙashin abin takawar, an rage masa tafiyar milimita 12 ke nan, yana iya dukan daɓe kafin birki ya gama kamawa. A yanke rufi da roba su kauce wa wurin, a kuma kafe robar direba don kada ta zame ta shige ƙarƙashi. A gudun kilomita 36 a awa, daƙiƙa ɗaya da direba ya ɓata yana ture roba da ƙafa, keke ya ci mita 10.

12. A mayar da batir, wayar (−) a ƙarshe. A gwada fitilu da giya, a duba ko man birki na ɗiga, a yi tafiyar gwaji a hankali ba fasinja. Bayan mako guda a sake ɗaure notuna.

Ayyukan Aji

Malami na iya gudanar da waɗannan gwaje-gwaje ko da makaranta ba ta da ɗakin gwaji.

Na farko: a sami kwalabe huɗu da ƙusoshi huɗu da aka goge. Ta farko a zuba mata ruwan rijiya. Ta biyu ruwan da aka tafasa, a zuba mai a samansa don ya tare iska. Ta uku a bar ta a bushe, a rufe. Ta huɗu ruwan da aka narkar da gishiri ko takin NPK a ciki. A kwalba ta farko da ta huɗu a bar rabin ƙusa a waje da ruwa. Ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani har kwana 7.

Na biyu: a ɗora takarda tsakanin littattafai biyu kamar gada, a ƙirga murafun kwalba nawa za ta ɗauka. A nannaɗe ta kamar kwanon rufi, a sake ƙirgawa.

Na uku: a ɗora takalmi a kan fallen ƙarfe, a riƙa ɗaga gefe ɗaya har ya zame, a auna kusurwar. A maimaita da jiƙaƙƙen falle, sa'an nan da roba.

Tambayoyi

1. Lissafa nauyin fallen alminiyam mai tsawon mita 1, faɗin mita 0.8, da kaurin milimita 2.
2. Idan aka ninka kaurin falle sau 3, sau nawa taurinsa zai ninku, sau nawa kuma nauyinsa?
3. Me ya sa daɓen keken da ke dakon taki ya fi saurin ruɓewa?
4. Bayyana dalilin da ya sa zama a gefen direba ke ƙara haɗarin kifewa.

Kammalawa

Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato a shekarun 1940 kafin ya shiga siyasa, saboda haka koyar da kimiyya ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Kayan aikin darasin yau kuwa suna nan a bakin kowace tasha daga Sifawa har Kajiji. Yana da kyau malami ya nemi izinin wani mai walda ko makanike na kusa, ya kai ɗalibansa su leƙa ƙarƙashin keke, su auna daɓensa, su yi lissafin da hannunsu. Ɗalibin da mahaifinsa ko yayansa ke tuƙa keke kuma, ya roƙe shi su ɗage robar nan tare kafin ruwan farko ya sauka, su ga abin da ke ƙarƙashinta.